Cin Zaɓe Daban, Cin Moriyar Zaɓe Daban

Laccar da aka yi wa shugabannin rassan jam'iyya na ƙauyuka, aka buga ta domin a karanta wa jama'a



Ina gaida iyayenmu dattawa da malamanmu. Ina gaida iyayenmu mata da ke saurare daga bayan danga, da samari majiya ƙarfi. Ina gaida manomi da makiyayi, da maƙeri da masunci, da mai kai kaya kasuwa a kan jaki ko a bayan babur. Kai kuma ɗan makaranta da aka miƙa wa wannan ɗan littafi don ka karanta wa jama'a, ka ɗaga murya, kada ka yi garaje. In dattijo ya ce maimaita, ka maimaita masa.

Jama'a, zaɓe ya ƙarato. Kun fara ganin motoci masu lasifika suna ta da ƙura a hanyoyin da shekara uku ba wanda ya biyo ya tambayi lafiyarku. Kowa zai zo da nasa zaƙin bakin. Ni abin da na zo muku da shi tarihi ne, watau tarihin zaɓen gwamnoni a ƙasar nan tun daga 1979, da abin da ya biyo bayan zaɓen. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Me ya sa na ɗauko maganar gwamna? Domin a cikin manyan masu mulki duka, shi ne hannunsa ya fi kusa da tukunyarka. Takin zamani da ake rabawa, da maganin asibitin karkara, da malamin makarantar garinku, da hanyar da za ta fid da amfanin gonarka zuwa kasuwa, duk ta ofishinsa suke bi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannunsa amana. Sarki ma sai da sa hannunsa ake naɗawa.

To, kowane manomi ya san hatsin da ke tsaye a gona bai zama nasa ba tukuna. Akwai tsuntsu, akwai gara, akwai ɓarawon dare. Sai ya girbe, ya ɗaure dammuna, ya kai rumbu, sa'an nan ya ce ya samu. Haka ƙuri'a take. Sau da yawa talakawa sun fito sun sha rana, sun zaɓi wanda suke so, an yi kiɗa an yi guɗa, amma kafin a kai gida abin ya tsiyaye a hanya. Ta kafa uku yake tsiyayewa, zan kuwa nuna muku kowace kafa da sunan jiha da shekara. Sunayen mutane da na jam'iyyu da za ku ji, ban kawo su don zagi ko yabo ba. Da yawa cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Mu darasin muke nema.

KAFA TA FARKO: GWAMNA BA MAJALISA

A 1979, sa'ad da soja suka shirya mayar da mulki hannun farar hula, Hukumar Zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, da UPN, da NPP, da GNPP, da PRP ta Malam Aminu Kano. Zaɓen kuwa ba rana ɗaya aka yi shi ba. An yi na 'yan Majalisar Dokokin Jiha ran 21 ga Yuli, na gwamna kuma ran 28, watau mako guda tsakani.

A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina da Daura, kujerun majalisa 99 ne. NPN ta kwashe 64, PRP ta tashi da 16, sauran jam'iyyu uku suka raba abin da ya rage. Da mako ya kewayo sai iska ta juya. Magoya bayan sauran jam'iyyun suka haɗu da na PRP, suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa gwamna, ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Ga gwamna daga wannan gida, ga majalisa daga wancan.

Aka rantsar da shi ran 1 ga Oktoba 1979, ya kuwa soke haraji da jangali. Amma tsarin mulki ya ce gwamna ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta amince. Ya aika da sunaye, majalisa ta mayar masa. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. 'Yan NPN suna ganin tun da yake su ke da rinjaye dole a yi gwamnati da su, shi kuwa yana ganin manufarsa da tasu ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. Ba ni zan raba musu gardama yau ba. Abin da ya tabbata shi ne, jiha guda mai miliyoyin mutane ta zauna ba kwamishinan gona, ba na lafiya, ba na ilmi, ana ta ja-in-ja tsakanin gidan gwamnati da majalisa, har ran 23 ga Yuni 1981 da majalisar ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Shekara huɗu aka zaɓe shi ya yi, bai cika wata 21 ba. Mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya ƙarasa, a 1983 kuma Lawal Kaitan nan da aka kayar shi ya hau kujerar.

Wa ya yi hasara a wannan rigima? Shi ne manomin Funtuwa da na Kafanchan da suka bar aikin gona cikin tsakiyar damina suka je suka bi layi. Sun ba mutum garma, shanun kuwa suka miƙa wa abokin gabarsa, sa'an nan suka koma gindin bishiya suna jiran huɗa.

Ku san wannan, ku riƙe. Ɗan majalisar jiha, wanda da yawanmu ko sunan namu ba mu sani ba, shi da 'yan'uwansa ne ke amincewa da kasafin kuɗi, ba kuwa kwabon da gwamna zai kashe bisa doka sai da yardarsu. Su ke tantance kwamishinoni. Su ke yin doka, su ke soke ta. In kashi ɗaya cikin ukunsu suka sa hannu, an fara maganar tsige gwamna ke nan, in kashi biyu cikin uku suka tsaya a kai har ƙarshen bincike, ya tafi.

Kada wani ya ce ai wannan labarin da ne. A watan Yuli 2014 majalisar Adamawa ta tsige Gwamna Murtala Nyako, bayan ya bar jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar. A watan Mayu 2019 majalisar Kano ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a watan Mayu 2024 kuma wata majalisar ta soke dokar. Ko kana murna da wannan ko kana baƙin ciki da wancan, duka biyun da hannun 'yan majalisa aka yi su. Mutanen da ke iya taɓa rawanin sarki ba mutanen da za ka zaɓa da ka ba ne, don kawai wane ya ba ka atamfa ko ya zo ta'aziyyar kakarka.

KAFA TA BIYU: ƁARAKA CIKIN GIDA

Yanzu mu leƙa tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau. Su Kanawa a 1979 ba su raba ƙafa ba. Sun ba Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi na PRP kujerar gwamna, suka kuma ba jam'iyyarsa fiye da kujeru 120 cikin 138 na majalisa. Garma da shanu duk a hannu ɗaya.

An kuwa ga aiki. Dattawan da ke zaune a nan ba su bukatar in gaya musu mene ne haraji. Sun san magidancin da kan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci da damina don ya biya kuɗin kansa. Sun san wanda aka shanya a rana ƙofar gidan dagaci. Sun san Bafulatanin da kan kora shanunsa cikin daji in ya ji malamin jangali na tafe. Gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, tsofaffi maza da mata suka koyi rubuta sunansu. Ta kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha. Duk wannan ƙuri'ar talaka ce ta saya.

To, me ya faru? Abokan hamayya ba su da ƙarfin da za su taɓa wannan gwamnati a majalisa. Daga cikin gida bango ya tsage. Rimi da Balarabe Musa suka shiga taron gwamnoni tara, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ce ba su daina ba. Kafin 1980 ta ƙare PRP ta rabu gida biyu: 'yan Santsi suna bayan gwamnoni, 'yan Taɓo suna bayan Malam. Mutanen da suka sha ɗauri tare tun zamanin NEPU suka koma jifan juna da baƙar magana a bainar jama'a. Gaba ta shiga har cikin gidaje, wa da ƙane suka daina gaisawa.

Ana cikin wannan hali na rarrabuwa gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ran 10 ga Yuli 1981 tarzoma ta tashi a birnin Kano. Aka ƙone gidan rediyo da ofishin Triumph da wasu ma'aikatu, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Dukiyar da ta ƙone ran nan da kuɗin jama'a aka gina ta, da kuɗin jama'a kuma aka sake ginawa.

Malam Aminu Kano ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, gidan bai gama ɗinkewa ba. Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP ya tsaya takara, Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa masa kwanakin da suka rage. A zaɓen Agusta 1983 aka wayi gari 'ya'yan gida ɗaya ne ke kokawa da juna, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ka da Rimi. Da hawansa ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya kafa a 1981. Shi ma wata uku kaɗai ya yi.

Dalili kuwa, zaɓen 1983 ya zo da ƙorafin maguɗi ta ko'ina. A Jihar Ondo da aka ce Akin Omoboriowo na NPN ya ka da Gwamna Michael Ajasin, jama'a suka fusata, aka yi ƙone-ƙone da kashe-kashe a Akure, daga baya kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnati, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. Aka tattara gwamnoni, wanda ya ci da wanda ya faɗi, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, da dama suka tsinci kansu a kurkuku. A 1984 gwamnatocin soja suka dawo da harajin nan da jangalin nan a jihohin Arewa. Ba a sake tambayar talaka wa yake so ya yi masa gwamna ba sai Disamba 1991. Shekara takwas cur, sai dai ka ji a rediyo an turo wane daga bariki.

Da aka dawo ɗin ma, an ɗauki darasi? A 1991 jam'iyyu biyu ne kaɗai, SDP da NRC, zaɓen kuwa na ƙato bayan ƙato. Kano gidan SDP ce, shaida kuwa ita ce a zaɓen 12 ga Yuni 1993 Abiola na SDP ya ka da Alhaji Bashir Tofa a Kano, mahaifarsa. Amma rigimar fid da ɗan takarar gwamna ta raba SDP biyu, waɗanda aka ɓata wa rai suka juya baya, Alhaji Kabiru Gaya na NRC ya zama gwamna.

Mafi ban tausayi shi ne abin da ya sami mutanen Zamfara a 2019. Jam'iyyar APC ta rabu tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa da wasunsu, har lokacin zaɓen fid da gwani ya wuce ba a daidaita ba. Aka dai shiga zaɓe a haka. Ɗan takararta na gwamna ya sami ƙuri'a fiye da dubu ɗari biyar, na PDP bai kai dubu ɗari biyu ba. Ran 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a yi rantsuwa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani na halal ba, saboda haka ƙuri'un da aka jefa mata duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna, da ta sanatoci 3, da ta 'yan majalisar wakilai 7, da ta 'yan majalisar jiha 24, duka suka suɓuce rana ɗaya, Alhaji Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Ku dubi mutum dubu ɗari biyar da suka fito, wasu daga garuruwan da fita ma sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya sace akwatinsu. Manyansu ne suka kasa zama inuwa ɗaya.

Saboda haka, kai shugaban reshe, kai sakatare, ke shugabar mata, in an yi zaɓen fid da gwani naka bai ci ba, ka zo ofishin jam'iyya ka faɗi ƙorafinka, a zauna a kashe wutar tun tana ƙarama. Mai zuwa maka da dare yana cewa ku yi wa ɗan takararmu zagon ƙasa don a koya masa hankali, ka tambaye shi wa aka koya wa hankali a Kano a 1983, wa aka koya wa a Zamfara a 2019. Su manya in sun ɓata yau, gobe ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yan juna. Kai ne za ka zauna da rijiyar da ba a haƙa ba.

KAFA TA UKU: ƘURI'AR DA BA A TSARE BA

Akwai mai cewa, ni ƙuri'ata guda me za ta ƙara, me za ta rage? To saurara. A Jihar Sakkwato a 2019, mutum fiye da miliyan ɗaya suka jefa ƙuri'ar gwamna. Da aka gama lissafi, har da zagaye na biyu, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wuce Alhaji Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342. Ɗari uku da arba'in da biyu! Ai ko masallacin Juma'ar ƙaramin gari ya fi haka jama'a. Da unguwa ɗaya ta ce yau ranar kasuwa ce ba ta fita, da labarin jihar ya canja.

A Kano a shekarar nan ta 2019, zaɓen 9 ga Maris ya tashi Alhaji Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a dubu ashirin da shida da 'yan kai. Amma an soke zaɓe a rumfuna da dama saboda hargitsi da aringizo, ƙuri'un da ke rumfunan nan kuwa sun fi tazarar yawa, sai Hukumar Zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba. Aka sake a waɗannan rumfuna ran 23 ga Maris, aka ce Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ci da tazarar da ba ta kai dubu tara ba, kotuna kuma suka tabbatar masa. Har yau kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin ranar. Abin da ba mai musu a kansa shi ne, rumfar da aka yi faɗa aka fasa akwati, ƙuri'ar mutanenta ta farko ta mutu. Duk wanda ya ta da hargitsi a rumfar garinku, ko da rigar jam'iyyarmu ya sa, ƙuri'arku yake ƙonawa.

A 2023 kuma wani sabon salo ya fito. Aka yi zaɓe ran 18 ga Maris, Hukumar Zaɓe ta ce Abba Kabir Yusuf na NNPP ya ci da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. Ran 20 ga Satumba kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare masa ƙuri'a 165,663, ta ce takardun ba hatimi, ba sa hannu, ba kwanan wata a jikinsu, ta ba Dokta Nasiru Yusuf Gawuna na APC nasara. Aka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka wuce Kotun Ƙoli, sai ran 12 ga Janairu 2024 ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar wa Abba kujerarsa. Wata goma jiha tana zaman ɗar-ɗar, kunnen kowa yana kotu. Hatimin da ba a buga a bayan takarda ba ya kusa shafe wahalar mutum dubu ɗari da sittin da biyar.

Ga yadda ake toshe wannan kafa, ba kuwa sai mai ilmin boko ba. Ka nemo katinka na zaɓe tun yanzu ka san inda ka ajiye shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ba kowa shi, ko da ya ce rajistar taki ko ta tallafi zai yi maka. Ran zaɓe ka yi sammako. In malamin zaɓe ya miƙo maka takarda, ka juya bayanta ka ga hatimi da sa hannu, in babu ka ce a sa, da ladabi, ba da faɗa ba. Ka dangwala yatsa a cikin gida ɗaya tak, daidai alamar jam'iyya, ka lura kada tawada ta shafi wani gidan sa'ad da kake naɗewa. In ka jefa, kada ka ce ka gama. Ka koma gefe ka zauna lafiya har a ƙirga a gaban kowa, a faɗi adadi da ƙarfi, a rubuta a takardar sakamako, wakilinmu ya sa hannu ya karɓi tasa, a manna ta jama'a a bango. Mai waya ya ɗauki hotonta. Shari'ar zaɓe da takarda ake cinta, alƙali ba ya karɓar "ai kowa ya san mu muka ci".

MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Akwai kuma wanda ke tsiyayar da hatsinsa da hannunsa. Za su zo da daddare, ko su tsaya bayan rumfa, da taliya da sabulu da 'yan kuɗi a ambulan. Na san halin da ake ciki, ban kuwa raina yunwar kowa ba. Amma ka yi lissafin da kake yi in za ka sayar da ɗan maraƙi. Mulkin gwamna shekara huɗu ne, watau kwana 1,461. Raba abin da aka ba ka gida 1,461, ka ga nawa ya kama kowace rana. A kan wannan ne za ka sayar da maganin matarka ran haihuwa da karatun ɗanka? Wanda ya saya kuwa ya riga ya biya, ba ka da bakin tambayarsa komai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada kuma wani ya karya muku gwiwa da cewa mai mulki ba ya faɗuwa. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta, ya ka da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujera. A 2011 jama'ar nan dai suka dawo da Kwankwaso. A 2023 mutanen Zamfara suka sauke Matawalle suka ɗora Dauda Lawal. Wuƙar tana hannunku, in kun riƙe ta da kyau. Wannan gargaɗi ne ga kowa, har da 'yan takararmu. Wanda muka tsayar, in ya hau ya manta hanyar garinku, ku tuna masa a taron reshe, ku aika masa wakilai, ku tambayi ɗan majalisarku nawa aka sa wa ƙaramar hukumarku a kasafin bana, ina kuma aka kai shi. In ya toshe kunne, shekara huɗu kamar gobe ce.

ABIN DA MUKE ROƘO

'Yan'uwa, jam'iyyarmu ta tsayar da ɗan takarar gwamna, ta kuma tsayar da ɗan takarar majalisar jiha a mazaɓarku. Kun san su, kun san gidajen da suka fito. Roƙonmu guda huɗu ne.

Na ɗaya, ku ba mu gwamna, ku haɗa masa da majalisa. Takarda biyu za a ba ku, ta gwamna da ta ɗan majalisa. Ku duba alamar da ke bangon wannan ɗan littafi, ku nuna wa tsofaffi da mata tun a gida har su gane ta, ku dangwala mata a takardun duka biyu.

Na biyu, ku riƙe zumuncin reshenku. Wanda aka ɓata wa, a je har gida a ba shi haƙuri kafin ranar zaɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ku fito kwanku da kwarkwatarku. Maigida, ka bar matanka da 'ya'yanka da suka isa zaɓe su je, ka raka su in da hali. Mai babur ya ɗauko tsoho, mai amalanke ya ɗauko marar ƙafa.

Na huɗu, ku tsare ƙuri'arku da idonku da haƙurinku. Samari, kada wanda ya ba ku ƙwaya da gora. Ɗan wanda ke aikenku yana makaranta, ku ne za a kwasa a mota a kai caji ofis. Maƙwabcinka da ke wata jam'iyya maƙwabcinka ne, ran da gobara ta tashi shi zai fara kawo ruwa.

Mutanen Kaduna sun biya kuɗin wannan karatu a 1981, Kanawa sun biya a 1983, Zamfarawa sun biya a 2019. Mu an ba mu shi kyauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. In an gama karanta wannan ɗan littafi kada a jefa shi ƙarƙashin tabarma, a miƙa wa unguwa ta gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya zaɓa mana shugabanni masu jin ƙanmu, Ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.